Makullin Dagona Yana Tiga

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, wasu baƙi kan sauka a fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa. Ƙananan agwagin ruwa ne da wasu tsuntsayen bakin tabki masu dogayen ƙafafu, waɗanda suka yi ƙwai suka ƙyanƙyashe a Turai da yammacin Saberiya, sanyi ya koro su, suka ƙetare Bahar Rum, suka ratsa Sahara tun daga wancan bakin har wannan. Abin da suke nema bayan wannan doguwar tafiya guda ɗaya ne: ruwa mara zurfi da ya malale a kan ciyawa, inda akwai tsaba da ƙwari da ƙananan halittun taɓo. In sun tarar da shi, sai su yi watanni suna kiwo tare da 'yan gida, su kirinjijiya da dinya da zalɓe da gauraka, su yi ƙiba, su koma arewa kafin zafin bazara ya tsananta. In ba su tarar ba, babu wani wuri kusa da za su nufa. Bayansu hamada ce, irin wannan dausayi kuma a duk faɗin Sahel ana iya ƙirga manyansa da yatsun hannu: bakin kogin Sanagal, fadamar kogin Neja a tsakiyar Mali, yankin tafkin Chadi, sai babbar fadamar Nilu a Sudan ta Kudu.

Saboda waɗannan tsuntsaye aka keɓe Dagona, a ƙasar Bade ta jihar Yobe, wadda yanzu take cikin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi. Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth ta Ingila, ya je can a 1989. A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, kuma shi ne wuri na farko da Nijeriya ta shigar. Daga baya Dagona da dausayin Baturiya na jihar Jigawa suka bi sahu a 2008. An ƙidaya nau'in tsuntsaye sama da 300 a yankin, kuma ƙidayar da aka riƙa yi a watan Janairu a tsakiyar shekarun 1990 tana haura tsuntsayen ruwa 200,000. Takardu dai an yi su, alluna an kafa, ma'aikatan gandu suna nan.

Sai dai duk wanda ya san yankin ya san cewa ma'aikacin gandun da ke sintiri a Dagona ba shi ke yanke hukuncin ko tsuntsayen za su sami wurin sauka ba. Wanda ke yanke wannan hukunci yana can jihar Kano, ɗaruruwan kilomita daga Dagona, hannunsa a kan ƙofar madatsar ruwa ta Tiga ko ta Challawa, kuma mai yiwuwa bai taɓa taka ƙasar Bade ba. A nan ne nake ganin muke ta kuskure a sha'anin kare namun daji da tsirrai a ƙasar nan. Muna zana iyaka a kan taswirar mulki, mu ce cikin wannan layi an kare, alhali halittun da muke son karewa wata taswirar suke bi: ta tudu da gangare, ta inda ruwa ke tasowa da inda yake kwanciya, ta damina da rani. Labarin ƙasa da aka koya mana a makaranta, muka haddace sunayen koguna domin jarrabawa, shi ne tushen maganar gaba ɗaya.

A duba yadda aka yi dausayin ya zauna a inda yake. Nguru tana bakin hamada, ruwan saman da take samu a shekara da ƙyar yake kai milimita 500, rana kuma tana shanye fiye da haka nesa ba kusa ba. Da ruwan samanta za ta dogara, da ba a yi maganar kamun kifi a can ba. Ruwan nata daga kudu maso yamma yake zuwa, daga tsaunukan Jos da duwatsun Bauchi da kudancin Kano, inda damina ta fi ƙarfi ninki biyu ko fiye. Kogin Kano ya ratso dajin Falgore, ya haɗu da Challawa, suka zama kogin Haɗeja. Kogin Jama'are ya gangaro daga Filato ya ratsa Bauchi. A can sama ƙasar dutse ce, ruwa ba ya samun wurin nutsewa, sai ya taru ya yi gudu. Daga wajejen Wudil zuwa gabas kuwa ƙasa ta canza, ta zama yashi da laka, gangaren ya kwanta har ido ba ya gane shi.

Sannan ga jigayi. Dubban shekaru da suka wuce, a wani zamanin fari da hamada ta sauko kudu fiye da inda take yau, iska ta jera tuddan rairayi dogaye daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, daidai hanyar da iskar hunturu ke bi har gobe. Daga irin wannan ƙasa jihar Jigawa ta samo sunanta. Da damina ta dawo, kogunan suka zo suka ci karo da waɗannan tuddai, sai suka rarrabu, suka shiga kwarin da ke tsakaninsu, suka zama rassa barkatai: Marma, Burum Gana, tsohon kogin Haɗeja, Kafin Hausa. Ruwa ya rasa hanyar gaggawa, ya bazu ya kwanta, tuddan suka zama tsibirai da mutane suka kafa garuruwa a kansu. Abin da ya tsira ya sake haɗuwa kusa da Gashuwa, ya zama Komadugu Yobe, ya bi iyakar Nijeriya da Nijar ta wajen Diffa inda ake noman tattasai da shi, ya faɗa tafkin Chadi. Ke nan dutsen Jos da rairayin Jigawa ne suka haɗu suka yi wa agwagwar Saberiya masauki.

Arzikin wurin kuwa yana cikin zuwan ruwan da tafiyarsa. Wannan ita ce gaɓar da masu tsara ayyuka a ofis suka daɗe ba su kama ba. A watan Agusta da Satumba kogi ya cika ya batse, ya hau fadama. Kifi ya biyo shi cikin ciyawa ya yi ƙwai, karfasa da tarwaɗa da bargi da kurungu, 'ya'yan su girma inda abinci ya yawaita kuma manyan kifaye ba sa iya shiga. Manomi ya riga ya shuka shinkafarsa tana tashi tare da ruwan. Da ruwa ya fara janyewa, masunci ya tare mashigai da komarsa da birgi, manomi ya bi laimar da aka bari ya shuka wake da sauran kayan rani. Can cikin rani Bafulatani ya sauko da shanunsa su ci burugu da sauran ciyawar da ta tsiro, su bar taki. A gefe ga goruba ana yankar kabarta ana saƙa tabarma da igiya, ga bagaruwar da majema ke saye, ga kanwa. Fili ɗaya, sana'a huɗu ko biyar a shekara, kowa da lokacinsa. A ƙarƙashin ƙasa kuma ruwan da ya kwanta yana tsatsafowa yana cika rijiyoyin garuruwan da ke nesa da kogi, waɗanda mazaunansu ba su ma san da ambaliyar Haɗeja suke sha ba. Mutanen da ke rayuwa a kan wannan tsari, Bade da Mangawa da Hausawa da Fulani, an ƙiyasta sun haura miliyan ɗaya.

A 1974 aka kammala madatsar Tiga, aikin da Gwamna Audu Baƙo ya faro. A 1992 aka kammala ta Challawa a Ƙaraye. Ba na cikin masu zagin waɗannan ayyuka, kuma duk Bakanon da ya san abin da farin farkon shekarun 1970 ya yi wa mutane ba zai zage su ba. Birnin Kano yana sha daga gare su. Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa da alkamar da ake nomawa da rani duk albarkacinsu ne, iyalai dubbai kuma da su suke ci. Laifin da nake gani shi ne an yi lissafin abin da za a samu a saman kogi, ba a yi lissafin abin da za a rasa a ƙasansa ba, kamar dai ruwan da ya wuce Wudil asara ce da ya kamata a tare. Filin da ambaliya ke rufewa, wanda a shekarun 1960 da farkon 1970 yakan kai hekta 250,000 zuwa 300,000, ya ragu zuwa hekta 100,000 ko ƙasa da haka a shekarun da suka biyo baya. Fari yana da nasa kason a wannan raguwa, amma madatsun ma suna da nasu, kuma nasu shi ne wanda ke hannunmu.

Abin da ya fi raguwar ruwan muni shi ne sauya masa lokaci. Madatsa tana riƙe ruwan damina, sai ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara domin masu noman rani da famfunan birni. Kogin da a da yake cika ya tumbatsa sannan ya ƙafe ƙaf da rani, sai ya koma mai gudu a hankali wata goma sha biyu. Cikar damina mai ƙarfi ita ce ke share yashi da ciyawa daga mashigai, ƙafewar rani kuma ita ce ke kashe saiwar duk abin da ba ya jure bushewa. Da aka cire su biyun, sai kachalla, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ta samu abin da take so, wato ruwa mara zurfi da ba ya yankewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yau kachalla ta cinye dubban hektocin gonaki da wuraren su, ta toshe rassan kogi har ruwa ya daina bin wasu, ya tattara ya karkata zuwa Marma da tafkin Nguru. Sakamakon haka wasu ƙauyuka gonakinsu na cikin ruwa shekara da shekaru, wasu kuma a gefen Burum Gana suna kallon busasshen kwari. Cikin kachallar jan-baki ke kwana ya hayayyafa, gari ya waye ya faɗa wa gero da shinkafa, har sai an tashi jirgin sama yin feshi. Kwale-kwale ba ya ratsa ta, koma ba ta shiga, agwagwar da ke son buɗaɗɗen ruwa ba ta sauka a kanta. Ambaliyar da ta yi wa Jigawa ɓarna a 2022 ta tarar da hanyoyin ruwa a cushe.

Kowace shekara ana jin an sayo injin yankan ciyawa, ko jama'ar gari sun yi gayya sun shiga ruwa da lauje da adda. Aikin sa kai ne mai wuya, masu yinsa sun cancanci yabo da tallafi. Amma muddin tsarin sakin ruwan bai canza ba, yankan kachalla aski ne, gashin zai dawo.

Masana tattalin arziki sun daɗe da yin wannan lissafi. Tun farkon shekarun 1990 Edward Barbier da abokan aikinsa suka auna abin da ake samu daga noma da su da itace a fadamar Haɗeja da Jama'are, suka kwatanta da abin da ake samu daga aikin noman rani na kogin Kano. Idan aka auna da yawan ruwan da kowanne ke ci, fadamar ta yi wa aikin gwamnati fintinkau. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ribar ƙarin noman rani a sama ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na asarar da za a jawo a ƙasa ba. Kuma fa ba su sa kuɗin kiwo da ruwan rijiya da tsuntsaye a cikin wancan lissafin na farko ba. Dalilin da ya sa irin wannan sakamako ba ya motsa masu mulki a bayyane yake: buhunan shinkafar da aka noma a filin gwamnati ana jera su a ɗauki hoto, kifin da Babade ya kama ya banda ya kai kasuwar Gashuwa kuwa ba ya shiga rahoton kowa.

Na san abin da wani zai ce, domin na sha jinsa: ana fama da tsadar abinci da 'yan bindiga, kai kana maganar tsuntsaye? Tambaya ce mai nauyi, ba na raina ta. Amsata ita ce a wannan wuri ba a iya raba su. Ruwan da agwagwa ke bukata shi ne wanda karfasa ke ƙwai a ciki, shi ne wanda burugu ke tsirowa bayansa. Ranar da ƙidayar tsuntsaye ta faɗi, a je a tambayi masunci, shi ma kwandonsa ya yi sauƙi. Kuma idan fadama ta ƙanƙance, manomi da makiyayi da a da suke karɓa-karɓa a fili ɗaya sai su tarar da juna a lokaci ɗaya a kan ɗan abin da ya rage. Mun san yadda irin wannan haɗuwa take ƙarewa. Turawa ma sun ɗanɗana wannan alaƙa daga nasu ɓangaren: a 1969 masu lura da tsuntsaye a Birtaniya suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da suka saba gani a shingayen gonakinsu ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari a shekara guda. Da aka bi diddigi, sai aka gano farin da ya afka wa Sahel ne ya kashe su a inda suke cin rani, wato a wajenmu.

A ƙarshen 2020 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta amince da ƙara gandun daji na ƙasa guda goma, cikinsu har da dausayin Haɗeja a Baturiya da Falgore a Kano da Kogo a Katsina. A 2022 kuma ƙasashen duniya suka amince a Montreal cewa kafin 2030 za a kare kashi 30 cikin ɗari na ƙasa da ruwa. Na yi murna da duka biyun. Amma kashi 30 na ina? Ana iya cika wannan adadi da faƙo da duwatsun da ba wanda ke so, a bar wuraren da rai ya taru a cikinsu. Sannan a ce an mai da Baturiya gandun ƙasa, an ƙara ma'aikata da motoci, to ruwan fa? Dokar da ta kafa gandu ba ta ba shi ko guga ɗaya daga Tiga ba. Abin sha'awa, Falgore da Baturiya kogi ɗaya ne ya haɗa su, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa. Dajin Falgore shi ke riƙe ƙasar da ruwan Tiga ke gangarowa ta kanta, in an sare shi yashi ne zai cika madatsar. Da za a kalle su a matsayin aiki guda, da an fara fahimtar abin.

Gyaran kuwa ba mafarki ba ne, maƙwabtanmu sun gwada. A arewacin Kamaru an gina madatsar Maga a 1979 domin noman shinkafa, tare da doguwar ganuwa a gefen kogin Logone. Ambaliyar da ke shayar da fadamar Waza ta yanke, ciyawar kiwo ta mutu, kifi ya ɓace, masunta da makiyaya suka watse, namun gandun Waza suka ragu. A 1994 aka fasa ganuwar a bakin wani tsohon mashigi aka bar ruwa ya koma hanyarsa. Fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 200 ya sake shan ruwa, ciyawa mai daɗewa ta fara dawowa, kifi da tsuntsaye suka ƙaru, makiyaya suka komo da garkunansu. Ba a rushe madatsar ba, ba a hana noman shinkafa ba. An dai mayar wa fadama wani kaso na abin da aka karɓe mata, a lokacin da ta saba samunsa.

Irin wannan ake ta ba da shawara a yi a Tiga da Challawa tun shekarun 1990: a saki ruwa mai yawa a cikin damina domin ya yi kama da cikar kogi ta asali, a rage wanda ke zirarowa ƙasa da rani yadda mashigai za su sami bushewa. A 2006 jihohi shida da kogin ya shafa, Filato da Bauchi da Kano da Jigawa da Yobe da Barno, suka haɗu da gwamnatin tarayya aka kafa asusun kula da kwarin Haɗeja da Jama'are da Komadugu Yobe. Tunanin daidai ne, domin ya bi iyakar da ruwa ya shata. Abin da ya rage shi ne haƙori: jadawalin sakin ruwa da aka rubuta aka bayyana wa kowa, wanda mutumin Guri da na Bade za su san ranar da ruwa zai zo da yawan da zai zo, kuma su sami inda za su kai ƙara in an saɓa.

Kafin in bar maganar ruwa zuwa ta tudu, a lura cewa cutar guda ce ko a inda babu kogi a tsakani. Yankari, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, an keɓe ta tun 1956, kuma a nan ne ɗaya daga cikin garkunan giwaye na ƙarshe a Nijeriya ya rage. Lokacin da aka shata ta, daji ne a cikin daji. Yau gonaki sun kewaye ta ta kowace fuska, ta zama tsibiri a tsakiyar masara da dawa. Masana kimiyyar halittu, tun aikin Robert MacArthur da Edward Wilson a shekarun 1960, sun nuna cewa yawan nau'in halittun da tsibiri ke iya riƙewa ya danganta da girmansa da nisansa daga wani dajin, kuma a ƙiyasin da aka saba yi, in mazauni ya rasa kashi 90 na faɗinsa, a hankali zai rasa wajen rabin nau'o'insa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Garke ƙarami da aka killace, in annoba ko fari ko mafarauta suka taɓa shi, babu 'yan'uwa daga wani daji da za su zo su cike gurbi, kuma auren dangi na raunana zuriya. Giwar da ta fita ta shiga gonar wani a Alkaleri hanyar kakanninta take bi, gonar ce ta zo daga baya, ko da yake wannan ba zai share hawayen manomin da aka cinye wa amfanin shekara a dare ɗaya ba, kuma haƙƙinsa ne a biya shi.

Turawa suna da sunan da suke kiran hanyar da ake bari tsakanin daji da daji domin namun daji su riƙa wucewa, suna kawo mana shi a taruka kamar sabon ilimi. Mu kuwa muna da kalmar tun kaka da kakanni: burtali. Sarakunanmu da masu unguwanni sun san cewa dabbar da ke cin damina a arewa ta ci rani a kudu dole a bar mata hanya da mashaya, in ba haka ba za ta bi ta gona. Mun bari an nome burtalin shanu, muna ganin abin da ya haifar. Burtalin namun daji ma haka aka nome shi, sai dai su ba su da bakin kai kuka.

Misalin da ya fi burge ni yana Nijar. A Kure, kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da Yamai, raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suka rage, bayan sun ƙare a Nijeriya da Mali da Sanagal. A 1996 guda 49 kacal aka ƙidaya. Yau sun haura 600. Ba a cikin shinge suke ba, a tsakiyar gonakin Zabarmawa da makiyayar Fulani suke yawo. Da damina suna kan tudu cikin kurmin sabara da ire-irenta, da rani su gangara kwarin Dallol Bosso, inda ruwa ke kusa da sama kuma gawo ke da ganye a lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Da an killace musu tudun kaɗai, da yunwa ta kashe su da rani. An hana farautarsu, an tallafa wa ƙauyukan da suke cin wakensu, an bar su suna bin hanyar da ƙasar ta tsara musu. A 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji, domin kada duk ƙwan ya zauna a kwando guda, matakin da harin da 'yan bindiga suka kai Kure a 2020 ya nuna hikimarsa. A can Maraɗi da Damagaram kuma manoma da kansu, ta hanyar barin kututturen gawo da sauran itatuwa su sake tohowa a gona, sun mayar da itatuwa a fili mai faɗin hekta miliyan 5, abin da babu wani aikin dashen gwamnati a Sahel da ya kama ƙafarsa.

Wannan ya dawo da ni kan kogin Jama'are, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A cikin manyan kogunan biyu, shi kaɗai ne har yanzu babu babbar madatsa a kansa. Shi ne ke cika ya batse a lokacinsa kamar yadda Allah Ya tsara shi, kuma mafi yawan ruwan da ke isa Gashuwa ya wuce Geidam da Diffa a yau nasa ne. Tun farkon shekarun 1980 ake fara madatsar Kafin Zaki a ƙasar Ningi ana dakatarwa, kuma kusan duk zagayowar siyasa sai an sake ɗaga maganarta. Yadda aka tsara ta, za ta fi Tiga cin ruwa. Mutanen Bauchi suna da hujja in suka ce Kano ta tare nata ta amfana, don me za a hana su? Bukatarsu ta noman rani da aikin yi ga matasa gaskiya ce. Amma mutanen Yobe da Barno da ke adawa su ma suna da hujja, kuma tasu tana da shaidar shekara 50 a kogin Haɗeja.

Ra'ayina shi ne kada a sake zuba ko tifa ɗaya ta ƙasa a Kafin Zaki sai an fara nuna cewa za a iya tafiyar da Tiga da Challawa bisa jadawalin da ke mayar wa fadama cikar daminarta, an yi hakan shekaru a jere, mutanen ƙasan kogi sun gani da idonsu. Alkawarin cewa sabuwar madatsa za ta riƙa sakin ruwa domin na ƙasa ba shi da nauyi muddin tsofaffin biyun ba a kai ga yin hakan da su ba. In an ci wannan jarrabawa, sai a zauna da Bauchi a duba ko ƙananan madatsu da rijiyoyin fadama za su biya bukatarta ba tare da an yanke wa kogin numfashi ba. Kuma a wannan zama a ajiye kujera ga sarkin ruwan Bade da arɗon da ke cin rani a Guri da manomin tattasai na Diffa, ko da yake shi a wata ƙasar yake, domin shi ma daga Jama'are yake ban ruwa.